Sharhi: Ka kayar da gwamnati a kotu, wa zai karɓo maka haƙƙinka?

A ƙarshen watan Satumbar 2023, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ƙarƙashin Mai Shari'a Simon Amobeda ta umarci gwamnatin jihar ta biya 'yan kasuwar da aka rushe wa shaguna a Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Kafin shekarar ta fita, ɓangarorin biyu sun daidaita a kan biliyan 3.

Wato cikin kowace naira goma da alƙali ya ce haƙƙinsu ce, naira ɗaya suka yarda su karɓa.

Ba wauta suka yi ba. Duk lauyan da ya san yadda shari'a da gwamnati take a Najeriya zai gaya musu cewa da hanau gara mannau. Idan suka dage sai biliyan 30, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara a gabansu, bayanta akwai Kotun Ƙoli, shekaru na tafiya, darajar naira na zubewa.

Su ma ɗin a iya cewa sun taki sa'a. Suna da yawa, suna da ƙungiya, sun iya ɗaukar lauyoyi, kuma sun samu wata kotun tarayya a Abuja ta ba da umarnin riƙe wasu asusun ajiyar gwamnatin jihar. Wannan umarni ne ya kawo gwamnati teburin sulhu, ba hukuncin farko ba.

Gwamnatin Abba Kabir Yusuf tana da hujjarta: ta ce filin na jama'a ne, gwamnatin da ta gabata ce ta yanka shi ta sayar ba bisa ƙa'ida ba. Mutane da yawa a Kano sun yarda da hakan. Sai dai abin da kotu ta duba shi ne ko an bi doka kafin a tura katafila, ta kuma ce ba a bi ba.

Idan mutum ya bi shari'o'in fasa-ƙwauri, ƙwace filaye, bashin kasuwanci da na tsige alƙalai a 'yan shekarun nan, zai ga abu guda yana maimaituwa. Kotunan Najeriya suna yanke wa gwamnati hukunci fiye da yadda mutane ke zato. Matsalar tana farawa ne washegarin hukuncin.

Shinkafa buhu 613

A watan Yunin 2019 jami'an kwastam suka tare wata babbar mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya, ɗauke da buhu 613 na shinkafar waje da buhu 80 na gero. Suka ƙwace kayan da motar, suka gurfanar da mai kayan bisa zargin fasa-ƙwauri.

Shi kuwa ya ce a kasuwar Kaduna ya sayi shinkafarsa, ga rasit. Babbar Kotun Tarayya ta wanke shi. Kwastam ta ɗaukaka ƙara. A watan Disambar 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna, a hukuncin da Mai Shari'a Ntong Ntong ya karanta, ta sake ba ɗan kasuwar gaskiya.

Hujjar kotun mai sauƙin fahimta ce. Abin da aka haramta tun 2016 shi ne shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa na tudu. Hanyar Kaduna zuwa Zariya ba iyaka ba ce, kuma wanda ya saya a kasuwa ba shi ne ya shigo da ita ba. Kotun ta ce a mayar masa da kayansa.

Babu mai musun cewa fasa-ƙwaurin shinkafa ya yi wa manoma da masu injinan casa a Kano, Kebbi da Jigawa illa. Jamhuriyar Benin ta daɗe tana shigo da shinkafar da ta fi ƙarfin cin mutanenta nesa ba kusa ba, kuma kowa ya san inda ragowar ke zuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

Amma hukuncin ya tayar da tambayar da direbobi suka daɗe suna yi a tasha. Ta kowace iyaka shinkafar ta shigo, ta wuce shingaye nawa kafin ta isa tsakiyar kasuwa? Me ya sa sai ta shiga hannun ɗan sari ake ganinta?

Sannan ga lissafin lokaci. Shekara biyar da rabi tsakanin kamu da hukuncin. Shinkafa ba ta shekara biyar a sito ta fito da kyanta, motar da aka ajiye a rana da ruwan sama ma haka. A 2019 buhun shinkafar waje bai kai naira 25,000 ba a yawancin kasuwanni, a ƙarshen 2024 ya haura 80,000. Jarin da aka daskarar, da cinikin da mutum zai yi da shi a waɗannan shekaru, babu takardar kotun da ke dawo da su.

Kamu a kan manyan hanyoyi kuma bai tsaya ba. Lamarin ya faru ne a ƙarƙashin tsohuwar dokar kwastam, wadda sabuwa ta 2023 ta maye gurbinta, don haka akwai ƙofar sabuwar jayayya. Ɗan kasuwa na gaba da aka tare zai iya kafa hujja da wannan hukunci, amma a gaban alƙali, bayan an riga an sauke masa kaya.

Gwamna ne mai ƙasa

Batun fili ya fi na kwastam zurfi, domin a nan dokar ce da kanta ta karkata.

Dokar Amfani da Ƙasa da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978 ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. Satifiket ɗin da ke cikin akwatinka, wanda ka sha wahala kafin ka samu, shaidar izinin zama ce, galibi ta shekara 99. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan izini idan buƙatar jama'a ta taso.

Mutane da yawa ba su san sashe na 29 ba sai ranar da masu awo suka iso. Diyyar da dokar ta tanada ba ta ƙasar ba ce, ta abin da ke kanta ce: gini, shuka, itatuwa, rijiya. Manomin da ya gaji gona tun kaka da kakanni a gefen gari, idan aka zo yin titi ko rukunin gidaje, za a ƙirga masa mangwaro da dalbejiya da dawar da ke tsaye, a biya shi a kan farashin da ofis ya ƙayyade. Bayan shekara biyu ya ga ana sayar da fuloti ɗaya a tsohuwar gonarsa da kuɗin da ya ninka duk abin da aka ba shi.

Dokar ta ma yi ƙoƙarin hana shi kai kuka. Sashe na 47 ya ce babu kotun da ke da hurumin duba ko diyyar ta isa ko ba ta isa ba, sai wani kwamitin rabon filaye, wanda gwamna ne ke naɗa mambobinsa. Wanda ya ƙwace shi ne ke zaɓar masu sauraron ƙorafi.

A nan alƙalai sun yi abin a yaba musu. Tun 1986 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'a da aka yi da gwamnan Kaduna, ta ce wannan shinge ya saɓa wa tsarin mulki. A 1991 Kotun Ƙoli, a shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance, ta jaddada cewa dole a miƙa wa mai fili takardar sanarwa yadda doka ta tsara, kuma ƙwace filin wani don a ba wani ɗan kasuwa ya yi harkarsa ba buƙatar jama'a ba ce.

Waɗannan hukunce-hukunce suna nan, lauyoyi na amfani da su, ana kuma cin nasara da su. Abin da ba sa yi shi ne tsayar da katafila. Rusau aikin sa'o'i ne, shari'a ta shekaru. Kafin a kai ga hukunci wani ya gina bene a wurin, wataƙila ma ya sayar wa na uku.

Gyara dokar kuma ba ƙaramin aiki ba ne. An cusa ta cikin tsarin mulkin 1999 ta sashe na 315, don haka taɓa ta na buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. Majalisun da kowa ya san wanda suke saurare. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa gyaran harkar filaye cikin ƙudurorinsa bakwai, ya kafa kwamiti a 2009, amma har yau dokar tana nan yadda take.

Idan gwamnati ke bin ka, da idan kai ke bin ta

Wajen bashi ne bambancin ya fi fitowa fili.

A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta saye basussukan da suka maƙale wa bankuna, ta kuma karɓo su daga manyan 'yan kasuwa. Dokarta ta ba ta damar zuwa kotu ita kaɗai, ba tare da wanda ake bi yana wurin ba, ta samo izinin riƙe kadara ko asusu kafin a shiga shari'a. Gyaran da aka yi wa dokar a 2019 ya ƙara mata ƙarfi, ya kuma taƙaita ikon kotu na dakatar da ita. A Fabrairun 2017 ta karɓe ragamar kamfanin jiragen Arik.

Ba na jin akwai mai tausaya wa attajirin da ya ci biliyoyin masu ajiya ya koma yana yawo a jirgi. Abin lura shi ne, da gwamnati ta so karɓar bashinta, ta san irin dokar da za ta rubuta.

To juya lamarin. Ɗan kwangila ya gina ajujuwa ko ya kawo taki, an ƙi biyansa, ya je kotu ya yi nasara. Hanyar da ta rage masa ita ce ya nemi kotu ta umarci bankin da ke riƙe da kuɗin ma'aikatar ya cire ya ba shi. Nan zai ci karo da sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci, wadda aka gada tun zamanin Turawa: idan kuɗin yana hannun jami'in gwamnati, sai an samu amincewar Antoni-Janar.

Antoni-Janar kuwa shi ne babban lauyan gwamnatin da ka kayar. Kai za ka je ka roƙe shi izinin ɗebe kuɗin wanda yake karewa.

Tun da aka tattara kuɗaɗen ma'aikatun tarayya a asusun bai-ɗaya a Babban Banki a 2015, tambayar ta koma: shin Babban Bankin jami'in gwamnati ne ko banki ne kawai? A Disambar 2017, a shari'ar kamfanin Interstella, Kotun Ƙoli ta ce a wannan mu'amala banki ne da abokin cinikinsa, kuma Antoni-Janar da aka yi sulhun da shi ba zai dawo ya ce ba a nemi izininsa ba. An ɗauka magana ta ƙare. Amma rassan Kotun Ɗaukaka Ƙara sun ci gaba da fassara hukuncin ta fuskoki daban-daban, kuma sashen bai fita daga littafin doka ba.

Sashe na 287 na tsarin mulki ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncin kotu. Wanda ya ƙi, ana iya ɗaure shi saboda raina kotu. A ƙarshen 2022 an ga gwaji: wata kotu a Abuja ta ce a kai shugaban EFCC na lokacin, Abdulrasheed Bawa, gidan yarin Kuje saboda ƙin mayar wa wani tsohon hafsan sojan sama motarsa da naira miliyan 40. A watan Nuwamba wata kotun ta yanke wa Sufeton 'Yan Sanda Usman Alkali Baba ɗaurin wata uku. Babu wanda ya kwana a kurkuku cikinsu, an jingine umarnin daga baya. Wa zai kama Sufeto? Gwamna kuma sashe na 308 ya ba shi rigar kariya muddin yana kan kujera.

Wannan ne ya sa ɗan kasuwar Kwari ko Singa, idan abokin ciniki ya riƙe masa kuɗi, ofishin 'yan sanda yake fara tunawa, ba kotu ba. Alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma Kotun Ƙoli ta faɗa a 2018 cewa EFCC ba hukumar karɓar bashi ba ce. Wanda ya sa aka tsare mai bashinsa zai iya ƙarewa shi ne ke biyan diyya. Kano tana da kotunan ƙananan basussuka tun 2019, waɗanda aka tsara su gama shari'a cikin kimanin wata biyu, amma har yanzu da yawa ba su san da su ba.

Jirage uku a hannun kotun Faransa

Akwai masu bin Najeriya bashi da ba sa zuwa roƙon Antoni-Janar.

Kamfanin Zhongshan na ƙasar Sin yana gudanar da wani yankin masana'antu a Igbesa ta jihar Ogun. A 2016, zamanin Gwamna Ibikunle Amosun, aka raba shi da wurin. Maimakon ya ƙare a kotunan gida, sai ya kafa hujja da yarjejeniyar kare masu zuba jari tsakanin Najeriya da Sin. A Maris na 2021 wata kotun sasanci a Landan ta ce a biya shi sama da dala miliyan 55, ban da kuɗin ruwa da na shari'a.

Ba a biya ba. A watan Agustan 2024 aka wayi gari da labarin cewa wata kotu a Paris ta ba da izinin riƙe jirage uku na fadar shugaban ƙasa, har da sabon Airbus ɗin da aka saya wa Shugaba Tinubu. Kamfanin ya kuma bi wasu gidajen Najeriya biyu a Liverpool. Rikicin jiha ne, amma kadarar tarayya aka kama, domin tarayya ce ta sa hannu a yarjejeniyar. Cikin kwanaki fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa, aka shiga tattaunawa.

Ba kullum baƙon ke da gaskiya ba. Kamfanin P&ID ya samu hukuncin dala biliyan 6.6 a 2017 kan kwangilar iskar gas a Kalaba da ko bulo ɗaya bai aza ba, kuɗin ya hau har wajen biliyan 11. A Oktoban 2023 Mai Shari'a Robin Knowles na Landan ya rushe hukuncin, ya ce da cin hanci aka samo kwangilar. Da an biya, da ya ci wani babban kaso na asusun ajiyar ƙasar na waje.

Sai dai manomin da aka karɓe wa gona ba shi da kotu a Paris.

Alƙalin da zai ce a biya

Duk abin da aka faɗa a sama ya rataya ne a wuyan mutum guda: alƙalin da zai kalli gwamnati ya ce ta yi ba daidai ba. Shi kansa yaya tasa kujerar take?

A takarda tana da ƙarfi. Sashe na 292 ya tsara yadda ake cire alƙali, kuma Majalisar Kula da Harkokin Shari'a, wato NJC, ita ce ke bincike. Lokacin da gwamnatin Bukola Saraki da majalisar Kwara suka tsige Babbar Jojin jihar, Raliat Elelu-Habeeb, a 2009, Kotun Ƙoli ta ce a 2012 ba su da wannan iko sai ta hannun NJC. Wannan hukunci ne ya tare yunƙurin da aka yi a Osun a 2023, da wanda majalisar Binuwai ta yi a Fabrairun 2025.

NJC ɗin ma tana hukunta nata. A Nuwambar 2024 ta ba da shawarar yi wa Babbar Jojin Imo da Alƙalin Alƙalan kotun shari'ar Musulunci ta Yobe ritayar dole saboda sauya shekarun haihuwa. Amma Alƙalin Alƙalan ƙasa ne ke shugabantarta, shi ne kuma ke zaɓar mafi yawan mambobinta, abin da lauyoyi suka daɗe suna kuka a kai. Kuma hukuncin da aka fi gani shi ne ritaya ko dakatarwa. Ba kasafai ake ganin alƙali ya je gidan yari ba.

Tsigewa ba ita kaɗai ce igiyar ba, akwai ta aljihu. Ma'aikatan kotuna sun rufe kotunan ƙasar na kusan wata biyu a 2021 suna neman a bar ɓangaren shari'a na jihohi ya riƙe kuɗinsa. Umarnin da Buhari ya sa wa hannu a 2020 don tilasta hakan, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022 bayan gwamnoni sun kai ƙara. Har yanzu ana kiran 'yan jarida a nuna gwamna yana miƙa wa alƙalai makullan motoci.

A Abuja, Minista Nyesom Wike ya fara gina wa alƙalai gidaje 40 a Katampe a 2024. Ya ce tsarin shugaban ƙasa ne na kyautata musu, ba neman alfarma ba. Ko da haka ne, ofishinsa ne ya sanar da soke takardun filaye fiye da 4,700 a Maris na 2025 saboda bashin kuɗin ƙasa, kuma duk wanda ya ƙi yarda, a gaban alƙalan Abuja zai kai ƙararsa. Mai ƙara yana da dalilin jin wani iri.

Shari'ar da ta fi nuna iyakar kariyar ita ce ta Walter Onnoghen. A Janairun 2019 aka shigar da ƙorafi cewa bai bayyana wasu asusun ajiyarsa ba, cikin 'yan kwanaki aka tuhume shi a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. A ranar 25 ga watan, saura kimanin mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasa, Buhari ya dakatar da shi bisa wani umarnin da kotun ta bayar ba tare da an saurari ɓangarensa ba, ya rantsar da Ibrahim Tanko Muhammad. Ba a jira NJC ba, ba a je Majalisar Dattawa ba, duk da cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riga ta ce a 2017, a shari'ar Mai Shari'a Nganjiwa, sai NJC ta gama da alƙali kafin a gurfanar da shi.

A Afrilun 2019 kotun, ƙarƙashin Danladi Umar, ta same shi da laifi, ta ƙwace kuɗin asusun, ta haramta masa riƙe muƙami na shekara goma.

Ya ɗaukaka ƙara. Sai a Nuwambar 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi, ta ce a sakar masa asusunsa, kuma ta yi hakan ne bayan shi da gwamnatin tarayya sun kawo mata takardar sulhu. A lokacin mutum uku sun hau kujerarsa: Tanko, Olukayode Ariwoola da Kudirat Kekere-Ekun. Da ba a taɓa shi ba, a Disambar 2020 wa'adinsa zai cika.